Yadda ɗan wasan golf a Kebbi zai rage handikaf ɗinsa ko da fili na nesa da shi

Mai buga golf a Birnin Kebbi yana da matsalar da takwaransa na Abuja bai san ta ba. Sanannun filayen da ake gasa a kansu a Arewa suna Kaduna, Zariya, Kano, Jos da Abuja, don haka yawancinmu sai aiki ko wata sabga ta kai mu can muke jefa jakar sanduna a bayan mota. Mutum ya yi wata biyu bai taɓa ƙwallo ba, ya sauka Kaduna ranar Juma'a, Asabar da sassafe ya tsaya a ramin farko yana so ya buga kamar wanda ke kwana a filin. Ya tashi da bugu 104, ya dawo gida yana cewa direbarsa, wato sandar dogon bugun farko, ce ta tsufa.

Ba laifin direba ba ne. Handikaf ita ce lambar da ke nuna matakin ɗan wasa, wadda da ita ake ba shi rangwamen bugu, kuma ƙaramarta ta fi kyau. Wanda ke buga 95 zuwa 110 ba ya rage handikaf da bugu mai ban mamaki, yana rage shi ne in ya daina lalata ramuka uku ko huɗu a kowane zagaye. Kuma mafi yawan wannan aikin a nan gida ake yin sa, a kan tsandaurin ƙasarmu. Duk abin da zan faɗa na mai bugu da hannun dama ne, bahago sai ya juya.

Mataki na farko: san yadda ake lissafa lambar

Tun 2020 hukumomin nan biyu da ke kula da dokokin wasan, R&A ta Birtaniya da USGA ta Amurka, suka haɗa duniya a kan tsarin handikaf guda. Ana duba zagaye 20 na ƙarshe da ka miƙa, a ɗauki 8 mafi kyau a fitar da matsakaicinsu. Ke nan lambar ba ta nuna abin da ka saba bugawa, tana nuna abin da kake iyawa ranar da abubuwa suka yi maka daidai. Mafi girman lamba ita ce 54.0. Sabon shiga yana buƙatar ramuka 54 kafin a ba shi lamba, wato zagaye 3 na ramuka 18, kuma ana karɓar kati, wato takardar da ake rubuta bugu a kanta, na ramuka 9.

Ba jimillar bugunka ake ɗauka kai tsaye ba. Kowane filin da aka auna yana da lambobi biyu a jikin katinsa: ma'aunin fili, wato abin da ake sa ran ƙwararre mai handikaf sifili zai buga, da silof, wanda ke nuna yadda filin ke wahalar da matsakaicin ɗan wasa. Silof yana kamawa daga 55 zuwa 155, kuma 113 ne mizani. A ce fili mai ƙa'idar bugu 72, wato adadin bugun da aka tsara a gama ramukansa da shi, yana da ma'auni 71.0 da silof 125, kai kuma ka tashi da 95. Cire 71 daga 95, saura 24. Ninka da 113, raba da 125, ka samu 21.7. Wannan ce lambar da za ta shiga jerin 20 ɗinka, sai dai in yanayin ranar ya yi tsanani har tsarin ya ɗan gyara ta.

Akwai dokar da mutane da yawa ba su kula da ita ba, alhali tana canza yadda ya kamata ka yi wasa. Don lissafin handikaf, kowane rami yana da iyakar bugun da za a rubuta maka: ƙa'idar ramin, a ƙara 2, a ƙara bugun rangwamen da kake da shi a ramin. Mai lamba 22.0 a wancan filin zai samu rangwamen bugu 23, ɗaya a kowane rami, biyu a ramuka 5 mafi wuya. In ya buga 10 a rami mai ƙa'ida 4 inda rangwamensa ɗaya ne, 7 za a lissafa. To me ya kawo ɓacin ran da zai bi shi har ramuka uku na gaba? Wancan ramin ya riga ya wuce, kuma ɓarnarsa tana da iyaka.

Ga mu da ba mu yawan samun filin da aka auna, darasin a fili yake: duk zagayen da ka buga bisa doka, tare da wanda zai sa hannu ya shaida, miƙa katinsa. Mai kati 3 kacal, mafi kyau ɗaya ake ɗauka a rage masa 2.0, don haka lambarsa tana tsalle sama da ƙasa. Sai katunan sun taru take zama. Masu ɓoye katin da ya yi kyau don su ci kofi da rangwame mai yawa, da masu ɓoye mummuna don a ce lambarsu ƙarama ce, duk sun raba kansu da ma'aunin da zai gaya musu ko suna ci gaba. Haka nan “ɗauki abinka, ta shiga” da abokai ke yi wa juna a kusa da rami. Ranar gasa babu mai ce maka haka, kuma a ranar za ka gane ba ka taɓa koyon bugun mita ɗaya ba.

Mataki na biyu: riƙe kati na biyu

Ban da katin kulob, sa 'yar takarda a aljihu. Bayan kowane rami rubuta abu huɗu: bugun hukunci nawa ka sha (ƙwallo ta ɓata, ta fita iyaka, ta faɗa ruwa), bugu nawa ka ɓata gaba ɗaya har ƙwallo ba ta yi rabin tafiyarta ba, sau nawa ka buga daga cikin yadi 50 kafin ka hau girin (shimfiɗaɗɗen wurin da rami yake), da fota nawa ka yi (bugun mirgina ƙwallo zuwa rami, da sandar da ake kira fota). Zagaye uku sun isa su nuna maka inda bugunka ke zubewa. Wani zai tarar hukunci ne ke cin sa, wani fota uku-uku. Abin da ya fi yawa shi za ka fara yi wa magani, ba abin da ya fi maka daɗin atisaye ba.

Ana yawan cewa fota ce komai a golf. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Mark Broadie, farfesa a Jami'ar Columbia ta Amurka, wanda ya kawo hanyar auna ribar kowane bugu da gasar ƙwararru ta PGA ta fara amfani da ita a 2011, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin gwani da wanda bai kai shi ba yana fitowa ne daga bugun da ya wuce yadi 100. Wannan ba izinin saye direba ba ne. Ma'anarsa ga irinmu ita ce dogon bugu ya riƙa samun ƙwallo da kyau, ya kuma bar ta inda za a iya sake buga ta.

Mataki na uku: ƙwallo tukuna, sannan ƙasa

In abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga wannan jagorar, ɗauki wannan. Da sandar ayan, wato sanduna masu siririn kan ƙarfe da aka bambanta da lamba, ƙaramar lamba ta fi nisa, kan sanda yana saukowa ne ya sami ƙwallo, sannan ya ɗebi ƙasa a gabanta, ta ɓangaren da ake nufa. Mai koyo yana yin akasin haka. Yana ganin sai ya shiga ƙarƙashin ƙwallo ya ɗaga ta, sai nauyinsa ya koma ƙafar dama, sanda ta daki ƙasa kafin ta iso. A fili mai ciyawa mai laushi sanda na iya zamewa ta ɗan rufa masa asiri. A tsandauri sai ta yi tsalle ta sari ƙwallon a ciki, ta tafi tana gudu a ƙasa. Ɗaga ƙwallo aikin kwanciyar fuskar sanda ne, ba aikin hannunka ba.

A nan ne ƙasarmu ta zama alheri, don ba ta yi wa kowa kara. Nemi fili mai faɗi a bayan gari inda babu mutane ko dabbobi, mai ɗan yashi-yashi a sama. Tafi da tsohuwar ayan 7 ko 8, kada ka kai sabuwa kan marmara, za ta ci gindinta ta kuma ji maka ciwo a wuyan hannu. Ja layi a ƙasa da tsinke, ka tsaya layin na tsakanin ƙafafunka, ya ratsa daga gabanka zuwa wajenka. Babu ƙwallo tukuna. Yi rabin lilo sau 10, kana matsawa kaɗan a kan layin bayan kowanne, sannan ka tsaya ka duba tabon da sanda ta bari. So ake kowane tabo ya fara daga kan layi ya yi gaba. Ranar farko za ka ga wasu a baya da faɗin tafin hannu, wasu ma sanda ba ta taɓa ƙasa ba. Ɗan jingina nauyi a ƙafar hagu tun kafin ka ɗaga, ka bar ƙirjinka ya juya ya fuskanci inda kake nufa a ƙarshe, diddigen dama ya tashi. In ka samu 8 cikin 10 a gaban layi, sai ka jera ƙwallaye a kansa.

Abu na biyu shi ne inda ƙwallo ke taɓa fuskar sanda. Shafa alli ko hoda a fuskar, buga, duba tambarin. In kullum yana can bakin sanda ko kusa da wuyanta, gyara tazararka da ƙwallo kafin ka taɓa wani abu a lilonka.

Saiti kuma karan dawa biyu sun wadatar. Ɗaya a ƙasa yana nuna inda kake nufa, ɗaya a bakin yatsun ƙafarka, su tafi a jere ba su haɗu ba. Mutane da yawa suna saita jikinsu dama da abin da suke nufa ba su sani ba, sai hannu ya yi ta ƙoƙarin gyara abin da ƙafa ta ɓata. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga bayanka, wayar na daidai tsayin hannuwanka. Abin da kake ji kana yi da abin da kake yi sukan sha bamban.

Wanda gidansa ke da fili zai iya rataya taru irin na masuntan Argungu ko Yawuri, a ninka shi biyu ko uku, a bar shi sako-sako don ya shanye ƙarfin ƙwallo, bango na bayansa da ɗan rata. Gidan sauro ba ya tare ƙwallon golf, kada a gwada. Minti 20 sau uku a mako sun fi wunin Lahadi guda ana dukan ƙwallo 200 har hannu ya yi kanta. Kowane bugu ya kasance da abin da ake nufa, kuma a riƙa sauya sanda, don a fili ba a buga sanda ɗaya sau 30 a jere.

Mataki na huɗu: direba da ƙwallon da ke lanƙwasa dama

Ciwon yawancin masu koyo ke nan: ƙwallo ta tashi kamar za ta yi kyau, sai ta karkata dama ta shige itatuwa. Dalilin bai da yawa. Inda fuskar sanda ke kallo lokacin haɗuwa shi ne ke yanke mafi yawan inda ƙwallo za ta fara nufa, lanƙwasa kuma tana zuwa ne daga bambancin fuskar da hanyar da sanda ta biyo. In fuska na kallon dama da hanyar lilo, ƙwallo za ta lanƙwasa dama. Mai wannan ciwon yakan ƙara juyawa hagu don ya rama, sai lilon ya ƙara yanko ƙwallon daga waje, lanƙwasar ta ƙaru.

Fara da riƙo. Juya hannun hagu a kan sanda har ka ga gaɓoɓi biyu ko uku na bayan hannun in ka duba ƙasa, sandar na cikin yatsu ba tsakiyar tafi ba. Zai yi maka banbaraƙwai na mako biyu, daure. Ƙwallo ta kasance daidai diddigen hagu, a kan tsinke mai tsayi har rabinta ya ɗara kan direba. Ajiye kwalin da babu komai a ciki ɗan waje da ƙwallon, ɗan baya kaɗan. In kana yankowa daga waje za ka daki kwalin, jiki kuma da kansa zai koyi kauce masa.

Kafin gyaran ya kama, babu dokar da ta ce sai da direba ake tashi. A lokacin rani ƙasa na da tauri, ƙwallon da aka buga da haibirid (sandar dogon bugu mai sauƙin bugawa) ko ayan 5 tana gudu sosai bayan ta sauka. Ƙwallon da ta ɓata ko ta wuce fararen turakun iyaka kuwa bugun hukunci ɗaya ne, sannan ka koma inda ka buga, wato bugunka na gaba shi ne na uku kuma ba ka matsa ko taku ɗaya ba. In kana shakka, faɗa wa abokan wasa za ka buga ta ko-ta-kwana kafin ka bar wurin. Tun 2019 minti 3 kawai doka ta bayar na neman ƙwallo.

Mataki na biyar: daga yadi 50 zuwa girin

Burin a nan ƙarami ne: bugu ɗaya ya hau da kai girin, ko'ina ne a kansa. Ba kusa da tutar da ke nuna rami ba tukuna. Wanda ke buga biyu ko uku daga gefen girin yana zubar da bugu 5 ko 6 a zagaye ba tare da ya lura ba.

A ƙasa mai tauri, wejin yashi, sandar gajeren bugu mai fuska kwance da digiri 56, abokin gaba ne ga wanda bai ƙware ba. An yi gindinsa da tudu don ya zame a cikin yashi, to a tsandauri wannan tudun ne ke sa shi tsalle. Ka'idata mai sauƙi ce: in ana iya mirgina ƙwallo da fota, ko daga wajen girin ne, a mirgina. In akwai 'yar ciyawa a tsakani, ɗauki ayan 8, matso da ƙafafu, ƙwallo ta ɗan koma baya, nauyi a hagu, wuyan hannu a kafe, ka buga kamar fota mai ɗan tsawo. Ƙwallo za ta ɗan tashi ta sauka ta gangara. Sai in kwarin yashi ko ruwa ya gitta ne za ka nemi sama. A gida shimfiɗa tsohon buhu a taku 5, ka koyi sauke ƙwallo a kansa da ayan 8, da ayan 9, da weji, kana lura da nisan da kowace ke gudu bayan ta sauka.

Yashi kuwa ba mu da uzuri a kansa. Da rani busasshen rafi ko bakin fadama ya ishe ka makaranta. A nan ne kaɗai ake so sanda ta fara taɓa ƙasa: buɗe fuskar weji, nutsa ƙafafu, daki yashi kamar santimita 5 a bayan ƙwallo, ka ƙarasa lilon har sama. Yashin ne ke fitar da ita. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayar da sanda a cikin yashi saboda tsoro. Ka tuna a fili doka ta hana ka taɓa yashin da ke dab da ƙwallo da sanda kafin bugu, don haka saba da riƙe ta a sama tun a atisaye.

Mataki na shida: fota

Faɗin rami milimita 108 ne. Ƙwararrun gasar PGA ma kusan rabi suke jefawa daga taku 8 na ma'aunin Turawa, wato kamar mita biyu da rabi. To kai da ke cizon yatsa don ka kuskure daga mita 4, da wa kake gasa? Abin da ke gabanka biyu ne: ka daina kuskuren mita ɗaya, ka kuma iya kawo doguwa kusa.

Na farko a kafet ɗin falo ake koyon sa. Tsayar da batura biyu a gaban ƙwallo da taku ɗaya, ratarsu ta ɗan fi faɗin ƙwallon, ka riƙa wuce da ita ta tsakani zuwa gindin kofi. Sai ka jefa 20 a jere za ka tashi, in ka kuskure ka koma farko. Na biyu sai a girin na gaske, don haka duk ranar da ka isa fili, ba wa wurin gwajin fota minti 15 kafin ka tashi: mita 5, mita 10, mita 15, kana kallon nisa kawai. Yawancin fota uku daga kuskuren ƙarfi suke zuwa, ba na saiti ba.

A wasu filayen Arewa za ka tarar da birawun maimakon girin, wato yashi da aka cakuɗa da mai aka daddale. A kansa ƙwallo ba ta gudu kamar a ciyawa kuma ba ta cika karkata ba, sai a buga da ɗan ƙarfi a miƙe. Tambayi dokar gida kan share hanyar ƙwallo kafin ka fara. Kada kuma ka raina shi. A shekarun da manyan 'yan wasan Turai ke zuwa gasar Nigerian Open a Legas, wadda ake bugawa a kan birawun a lokacin, a nan Sandy Lyle ya ci kofinsa na farko na ƙwararru a 1978, Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji ya ci a 1988, kuma dukansu sun je sun ci manyan kofunan duniya daga baya.

Mataki na bakwai: buga filin da lissafi

A fili mai ƙa'ida 72, wanda ya ƙara bugu ɗaya a kowane rami, abin da ake kira bogi, ya tashi da 90. Wanda ya ƙara ɗaya a ramuka 9, biyu a sauran 9, ya tashi da 99. Duba da kyau: babu inda aka bukaci ka buga ƙa'ida ko sau ɗaya. Saboda haka mai neman sauka ƙasa da 100 ya ɗauki kowane rami mai 4 a matsayin mai 5 ko 6. Rami mai yadi 380 ya zama 160, da 150, da 70, sai fota biyu. Babu bugu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfinka.

Na ga wannan a wani fili a Kaduna. Wani dattijo ɗan kasuwa ya jefa ƙwallonsa ƙarƙashin itatuwa, tsakaninsa da girin yadi 170, ga wata 'yar kafa tsakanin kututture biyu da ba ta fi faɗin ƙofar ɗaki ba. Ya miƙa hannu a ba shi ayan 5. Kadinsa, wato mai ɗaukar masa jaka, yaro matashi, ya riƙe jakar bai buɗe ba, ya ce, “Ranka ya daɗe, a fitar da ita gefe da tara. Daga can ana ganin tuta.” Dattijon ya ce, “Kai yaro, ka ga hanya a buɗe kana cewa in koma baya?” Yaron ya ce, “Alhaji, hanyar tana nan, amma sau nawa za a bi ta cikin goma?” Alhaji ya yi shiru, ya karɓi ayan 9, ya turo ta sarari, ya hau girin da na uku, ya tashi da 5. Tambayar yaron ita ce ma'aunin duk wani bugu mai haɗari. In amsar ba ta kai 7 cikin 10 ba, nemi wata hanya. In ma ƙwallo ta shige inda ba ta buguwa, doka ta ba ka damar ɗaukar hukunci ɗaya ka sake ta daga tsayin gwiwa cikin tsawon sanda biyu, ba kusa da rami ba. Ya fi sara uku a cikin ƙaya.

Kadi nagari ya san filin fiye da kai nesa ba kusa ba, da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan ma daga ɗaukar jaka suka fara. In ka samu mai ido, riƙe shi, ka riƙa neman sa duk zuwa, ka kuma sallame shi da kyau.

Sai sanin nisan sandunanka. Kowa yana tuna ranar da ayan 7 ɗinsa ta yi yadi 160, ya manta yawanci 140 take yi. Buga ƙwallo 10 da kowace sanda, watsar da mafi nisa biyu da mafi kusa biyu, auna tsakiyar sauran, rubuta a takarda ka liƙa a jaka. Masu koyo sun fi gazawa kafin girin fiye da wuce shi, don haka in kana tsakanin sanduna biyu ɗauki wadda ta fi nisa, ka nufi tsakiyar girin ko tuta na ina. Tashi kuma daga wurin da ya dace da ƙarfinka. Kowane wurin tashi yana da ma'auninsa, lissafin handikaf ba zai cuce ka don ka matso gaba ba.

Yanayi da jiki

Shekararmu ta raba aikin da kanta. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙura. In kana fuskantar ta ɗauki sandar da ta fi nisa da mataki ɗaya ko biyu ka sassauta lilo, don bugu da ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyi, iska ta ɗaga ta sama ta yar. Ƙwallo mai ruwan ɗorawa ta fi ganuwa a hazo. Ƙura na sa robar mariƙin sanda santsi, wanke ta da ruwa da sabulu. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, atisaye bayan sallar asuba ne ko bayan la'asar. Da azumi a taƙaita ga fota da gajeren bugu. Da damina ciyawa ta tashi, ƙwallo ba ta gudu, sai a koma lissafin nisan da take yi a sama kawai. Kada ka cusa hannu a duhuwa neman ƙwallo, tura sanda. In akwai maciji kusa da ita doka ta yarda ka matsa ba tare da hukunci ba, haka in ana walƙiya kana da ikon dakatar da wasa.

Zagaye ɗaya tafiya ce ta sama da kilomita 6 cikin awa huɗu ko fiye. Duba katunanka, in ramuka 5 na ƙarshe ne kullum suke lalacewa, matsalar ƙafa ce da ƙishirwa. Tafiyar minti 30 kullum, ruwa a kowane rami, dabino ko gyaɗa a aljihun jaka. Wanda ya kwana a hanya daga Kebbi kuma kada ya fito daga mota ya hau ramin farko, ya ba bayansa da kafaɗunsa minti 10.

Kaya ba su da dogon bayani. Doka ta yarda da sanduna 14, mai koyo 9 ko 10 sun ishe shi, kuma na gwanjo masu kyau sun wadatar, a dai yi hattara da jabu. Ajiye ayan 3 da 4, sa haibirid a gurbinsu. Tsaya a kan ƙwallo iri ɗaya. Kuɗin da ka tara don sabuwar direba, kai wa ƙwararren mai koyarwa a kulob ɗin da kake zuwa, ka roƙe shi gyara ɗaya tak da za ka dawo da shi gida ka yi wata guda a kansa, ka tura masa bidiyo ta WhatsApp kafin zuwa na gaba.

Lambar ba ta sauka a miƙe. Wani lokaci ka buga da kyau ta ɗan hau, saboda wani tsohon kati mai kyau ya fita daga cikin 20. Tsarin yana da birki: in ta haura mafi ƙanƙantar lambarka ta kwana 365 da suka wuce da fiye da 3.0, rabin ƙarin ake lissafawa, kuma ba za ta wuce 5.0 a kanta ba. In kuma ka buga zagayen da ya fi lambarka kyau da 7.0 ko fiye, ana ƙara rage maka 1.0 nan take, in ya kai 10.0 a rage 2.0. Ga wanda ke samun fili sau ɗaya ko biyu a wata, kati 20 na iya ɗaukar shekara, don haka a watannin farko 'yar takardar aljihunka za ta riga lambar nuna canji. In tafiya ta kama kwana biyu, buga zagaye biyu, ko 18 yau 9 gobe kafin ka kamo hanya, ka miƙa duka a ranar da ka buga su.